Yadda za ka hana a zare maka fistol daga ƙugu

Wa'alaikumus salam ƙanina. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, zama ne ban samu ba sai yau. Ka ce baka daɗe da fitowa daga makarantar 'yan sanda ta Wudil ba, an tura ka dibishin da kasuwa da tashar mota duk suna ƙarƙashinsa, an baka fistol, kuma duk sanda ka shiga cunkoso hankalinka baya kwanciya, gani kake kamar wani zai sa hannu ta baya ya zare ta yadda ake zare wa mutane waya. Kana tambaya ko igiyar nan da ake ɗaura wa gindin bindiga ta isa, ko akwai abinda ya kamata ka saya ko ka koya.

Igiya bata isa ba, zan zo kanta. Amma wannan tsoron naka kar ka bari kowa ya yi maka dariya a kai, ni a shekarun da na yi ina koyar da riƙe makami wanda ya fi bani tsoro shine wanda bindigar ta zame masa kamar makullin mashin, ya rataya ya manta da ita. Kuma tunda na san waɗanda ba ma'aikata ba ma za su karanta, bari in faɗa tun yanzu: a dokar makamai ta Najeriya ta 1959 fistol da ribolba suna cikin jerin makaman da aka haramta, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa, ba kamar bindigar farauta ba da Sufeto Janar ke bayarwa. Don haka maganata da wanda gwamnati ta ɗora wa ita nake yi, ya sa hannu a rajistar ma'ajiyar makamai ya karɓa.

Bari in baka wani labari da idona ya gani, lokacin ina sufeto. An kira mu wata tasha, 'yan kamasho biyu sun kaure da faɗa akan layin lodi, jama'a sun yi da'ira ana ihu. Muka je mu uku, akwai wani saje da ke tare dani, mutum ne mai ƙarfi kuma baya tsoro, shi ya fara kutsawa. Ya sunkuya ya kama ɗaya ta wuyan riga, hannunsa biyu duk suna gaba, ƙugunsa na dama yana baya a buɗe ga taron mutane. Gidan bindigar da ke jikinsa na fata ne, wani baduku ya ɗinka masa, gwanin kyau har da zane, da ɗan madauri mai maɓalli ɗaya wanda tsufa da zufa sun sa ya saki, da kanshi ma yake ɓallewa. Ni ina ta ɗaya ɓangaren ina janye na biyun. Sai kawai na ji mai shayin da ke gefe yana ƙwala ihu, "Yallaɓai bindiga! Bindiga!" Na ɗago na ga wani yaro da bai fi shekara 17 ba yana cusa abu a cikin riga yana ratsa mutane. Allah ya taimake mu wani direba ya sa masa ƙafa ya faɗi. Abinda har yau bana mantawa shine sajen nan bai san an ɗauka ba, yana nan riƙe da wuyan rigar mutumin yana masa faɗa, sai da na ce masa taɓa ƙugunka, ya taɓa, na ga fuskarsa ta canja kamar an watsa masa ruwan sanyi. Yaron nan ko ɗan fashi ba ne, ɗan sane ne kawai, ya ga abu a banza ya ɗauka. Kuma akwai harsashi a ciki.

Ka ga a nan babu kokawa, babu ƙarfi, gidan bindigar ne ya bayar da ita. Shiyasa kullum daga nan nake farawa da mutum. Turawan Amurka sun sha wannan wahalar kafin mu, don a shekarun 1970 'yan sandansu da yawa da bindigarsu aka kashe su, har yau ma rahoton da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ke fitarwa duk shekara akan jami'an da aka kashe yana ware adadin waɗanda aka kashe da makaminsu. A lokacin ne wani malami a makarantar 'yan sanda ta Kansas City mai suna Jim Lindell ya zauna ya tsara dabarun hana ƙwace bindiga daga ƙugu, wanda da yawa daga abinda ake koyarwa yanzu daga can ya samo tushe. Sannan wani tsohon jami'in FBI, Bill Rogers, ya ɗauki ɓangaren holstar kanta, wato gidan bindigar, ya fito da gwaji mai sauƙi: a sa bindiga a gidanta a jikin mutum, wani ya kama ta ya ja da iya ƙarfinsa ta kowace fuska na daƙiƙa 5. In bata fita ba kuma mai ita ya iya zaro ta bayan haka, to holstar ta ci mataki na ɗaya. Sai a buɗe makulli na farko a sake ja, in har yanzu ta riƙe, mataki na biyu kenan, haka har na uku. Kamfanin Safariland ya saye kamfanin Rogers a 1985, shiyasa in ka ji ana cewa lebul 2 ko lebul 3, wato mataki na biyu ko na uku, daga nan maganar ta fito. Sai dai ka sani ba wata hukuma ke raba waɗannan lambobin ba, kowane kamfani yana iya rubuta lebul 3 a kwalinsa, don haka ni rubutun kwali baya burge ni.

Ga mai kaki wanda bindigarsa ke waje kowa na gani, irinka, kar ka yarda da ƙasa da mataki na biyu, in ka samu na uku ya fi. Irin waɗanda na fi yarda dasu sune masu roba mai tauri da aka ƙera daidai da samfurin bindigar, ba irin "kowacce ta shiga" ba. Akwai tsarin da Safariland ke kira ALS, da ka tura bindigar ciki za ka ji ƙas, ta kulle kanta, bata fita sai ka ja wani ɗan harshe da babban yatsanka wanda ke ɓoye tsakanin holstar da jikinka. Akwai kuma SLS, wata 'yar murfi ce da ke rufe bayan bindigar, sai an danna ta ƙasa an tura gaba. In aka haɗa biyun, wanda ya zo ta baya ya finciko sai dai ya ɗaga ka sama da bel ɗinka. Akwai wani iri kuma da ake danna makullinsa da manuniya a gefen waje, ya cika kasuwa don yana da araha, ni dai bana son shi, kuma makarantun horo da dama a Amurka sun hana shiga da shi, dalili kuwa yatsan da kake dannawa dashi yana zamewa ya faɗa kan kunama lokacin da bindigar ke fitowa, mutane sun harbi cinyoyinsu a haka, ga kuma ƙasa ko ɗan tsakuwa na iya shiga makullin ya ƙi buɗewa, mu kuwa ƙura ba sai an faɗa ba, balle da hunturu.

Matsalarmu ta gaske a nan ita ce jabu. Za ka ga holsta a shago an buga mata sunan babban kamfani, kamanninta ɗaya sak, amma robar irin ta bokitin wanka ce, ko kuma ta bindigar wasan yara aka yi ta. Na taɓa karya guda uku a aji ɗaya da hannuna, ba ma makullin ke buɗewa ba, gaba ɗaya holstar ke tsinkewa daga inda aka ɗaure ta da bel, sai ka ga mutum ya tafi da bindiga da gidanta duka. Don haka duk wacce ka saya ka yi mata gwajin Rogers da kanka. Cire magazin, wato kwanson harsasai, ja saman bindigar baya ka duba ɗaki, wato inda harsashi ke zama kafin a harba, da ido da yatsa, ka kai harsasan wani ɗaki daban, abokinka ma ya duba, sannan ka sa ta ka ce masa ja kamar da gaske, ta gaba, ta baya, ta gefe, ya murɗa. Gara ta karye a barikin da ta karye a tasha.

Bel ma haka. Holsta ta dubu nawa a jikin bel mai laushi aikin banza ce, don bel ɗin zai naɗe ya ba wanda ke ja kusurwar da yake so. Ka nemi mai kauri mai tauri, a zura holstar a cikinsa, ba irin mai faifan nan da ake soka shi a wando a cire ba, sannan ka sa 'yan madaurai da ke haɗa bel na waje da na wando don kar ya juya, ɗaya gaban holstar ɗaya bayanta. Sukurorin jikinta ka riƙa duba su duk sati, suna kwancewa da zaman mota da jijjiga. Wajen zamanta kuwa daidai ƙashin ƙugu na ɓangaren hannunka mai ƙarfi, ko ɗan gaba kaɗan, inda gwiwar hannunka za ta sauka a kanta in ka saki hannu. Holstar cinya da samarin yanzu ke so don tana kyau a hoto, an yi ta ne don masu sulke mai kauri da ke tokare ƙugu, in ba ka sa irin wannan sulken ba to ka dai nesanta bindigar da gwiwar hannunka ne kawai, ka kusanta ta da hannun wanda ke zaune ko tsugune kusa da kai. Ta tsakiyar baya kuwa kar ma ka fara, baka ganinta, baka iya kare ta, in ka faɗi a kanta kuma ƙashin bayanka ne zai biya.

To igiyar da ka tambaya. Amfaninta shine in bindigar ta faɗi kana gudu, ko kana kan mashin, ko cikin ruwa, bata ɓace ba, kuma ɗan sane irin yaron can ba zai yi nisa da ita ba sai ka ji an ja ka. Wannan amfani ne babba, ka sa ta. Amma igiya bata hana a zaro bindigar, kuma tsawonta ya isa mutum ya juya bakin ya saita cikinka yana tsaye a gabanka. Ka ɗaura ta a bel, kar ka zagaya ta a wuya, kuma ka tattare ragowarta kar ta riƙa lilo tana kama ƙofar mota.

Ranar da kake cikin farin kaya labarin ya ɗan canja, a nan babbar kariyarka ita ce kar a san kana da ita. Abinda nake gani yana ƙona min rai shine ma'aikaci ya soka fistol tsirara a wando kamar wuƙar mahauci, babu gida, kunama a buɗe, ya saki riga a kai, in ya ɗaga hannu ko ya sunkuya kowa ya gani, wani ma da gangan yake ɗage rigar don a san shi waye. Ka samu ƙaramar holsta mai tauri ta cikin wando wacce ke rufe kunama ruf, ka sa riga mai ɗan faɗi, kaftani ma yana rufewa sosai sai dai ka gwada yadda za ka kai hannu ta tsagar aljihu. Kuma ka daina taɓa ta kana gyarawa duk bayan minti biyu, masu sana'ar lura da ƙugun mutane da wannan suke gane ka.

Yanzu tsayuwa, wadda kyauta ce bata buƙatar ko sisi. Duk wanda kake magana dashi a bakin aiki, ko dattijo ne ko mace ko mai kawo ƙara, ka ɗan karkata jikinka, ƙafar ɓangaren bindiga a baya, hannayenka a sama wajen ciki ba a aljihu ba, tazara kuma a ƙalla wadda sai ya yi taku kafin ya taɓa ka. Wani ɗan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya gwada a 1983 ya ga mutum mai lafiya yana cinye ƙafa 21, wajen mita 6 da ɗoriya, a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, to ina ga wanda kafaɗarsa ke gogar taka. Kuma mai son bindigarka ba da zare ido zai zo ba. A watan Yunin 2016 a Las Vegas, wajen taron kamfen ɗin Donald Trump, wani matashi ɗan Birtaniya mai suna Michael Sandford ya matso wajen wani ɗan sanda cikin ladabi yana cewa so yake Trump ya sa masa hannu a takarda, ana cikin magana ya kai hannu biyu kan fistol samfurin Glock da ke ƙugun jami'in. An danne shi nan take, daga baya aka gano kwana ɗaya kafin nan ya je filin koyon harbi ya gwada irin bindigar. A wajenmu salon shine "Yallaɓai zo ka ji wata magana a kunne", ko rungumar gaisuwa, ko mutum uku su kewaye ka suna baka haƙuri ɗaya na riƙe maka hannu yana "don Allah don Annabi ranka ya daɗe". Al'adarmu ce ba laifi bane, galibinsu da zuciya ɗaya suke yi, amma ka koyi zame hannun damanka cikin fara'a ka dafa kafaɗar mutum da na hagu kana ja da baya. In rubutu za ka yi ko duba takardun mota, abokin aikinka ya tsaya ta ɓangaren bindigarka idonsa akan mutane ba akan waya ba.

Cikin cunkoso kuwa, kasuwa ko filin idi ko taron siyasa, gwiwar hannunka ko damtsenka ya zauna akan gindin bindigar kamar an liƙa, ka riƙa ratsawa da kafaɗar hagu a gaba. Ba cewa na yi ka dafe ta da tafin hannu kana muzurai ba, wannan tsorata mutane ne kuma talla kake mata. In ka tsaya ka ba bango ko mota bayanka. A adaidaita sahu ka zauna a gefen da bindigar za ta kasance jikin ƙarfe ba jikin fasinja ba, amma ka lura gefen da ke buɗe ma mai mashin na iya miƙo hannu, don haka hannunka na kai. In kai ke tuƙa mashin da goyo a baya, to na bayan nan ya fi ka kusa da bindigarka, kar ka goya wanda ake tuhuma haka nan. Rabon faɗa irin na sajen can, mutum ɗaya ke shiga, ɗaya ya tsaya yana kallon bayansa, in kuma kai kaɗai ne to da murya da usur za ka fara har taimako ya zo.

Sai wurare biyu da ba a cika faɗa a aji ba. Masallaci: alwala da ruku'u da sujada duk suna buɗe ƙugu ga sahun baya. Abinda muka saba yi shine sallah bi da bi, wani ya yi gadi wani ya yi sallah, ko ka tsaya ƙarshen sahu ta inda bindigar za ta kasance jikin bango, in kuma a caji ofis ne ka mayar wa mai kula da ma'ajiya ya rubuta. Banɗaki kuma, wallahi bindigogin da aka manta a kan tagar banɗakin gidan mai da na otal sun fi waɗanda aka ƙwata da ƙarfi a cikin waɗanda ni na sani. Kar ka cire ta daga gidanta ka ajiye a ko'ina, ka sassauta bel ɗin ka riƙe shi a jikinka, ko ka rataya bel ɗin gaba ɗaya a wuyanka har ka gama.

To a ce duk an yi wannan amma ka ji hannu a kan bindigarka. Abinda jikinka zai so yi guda biyu ne kuma duka kuskure ne: ko ka ja da baya, wanda taimaka masa ka yi wajen zarowa, ko kai ma ka yi ƙoƙarin zaro ta, wato ka buɗe masa makullin da hannunka. Bindiga a cikin gidanta bata harbin kowa, aikinka na daƙiƙun farko shine ta zauna a ciki. Ka danƙe hannunsa da naka a kan bindigar ka danna ƙasa da ƙarfi, in da hali da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ka buɗe ƙafa ka sauke ƙugu ƙasa kamar ɗan kokawa da ake son ɗagawa, duk wanda ya taɓa kokawa a dandali ya san wannan zaman. Sannan ka murɗa jikinka gaba ɗaya da ƙarfi, daga ƙugu ba daga hannu ba, hannunsa na maƙale, wuyan hannun mutum baya jure nauyin jikin mutum in ya juya. In ta gaba ya zo, da zarar hannunka mai ƙarfi ya danne ta sosai, ɗayan ya yi aiki, duka da damtse a kan tsintsiyar hannunsa, ko tafi a haɓa, ko gwiwa. In ta baya ne, danƙe, sauke ƙugu, ka juya kana kai gwiwar hannu. Kuma ka buɗe baki ka yi ihu, "Saki bindigata! Zai ƙwace bindiga!", abokan aikinka su ji, jama'a su watse, kuma gobe in an zo bincike akwai shaidu da suka ji. Da ya saki ka ture shi ka buɗe tazara, ka taɓa ka tabbatar tana nan kuma makullin na rufe. In kun faɗi ƙasa ka yi ƙoƙari ɓangaren bindigar ya kasance a ƙasa, ka kwanta a kanta.

In kuma har ta fito kuna riƙe da ita ku biyu, to babu sauran wasa, rai ake nema. Bakinta ya kauce daga jikinka da na jama'a, ka jawo ta kusa da ƙirjinka inda kake da ƙarfi maimakon ka miƙe hannu, ka murɗa ta ta wajen babban yatsansa don nan ne riƙon mutum ya fi rauni. Ya kamata ka san halin bindigar da aka baka tun kafin ranar. Glock bata da sefti na hannu, wato makullin hana harbi da ake buɗewa da yatsa, duk wanda ya ja kunama ta tashi. Beretta 92 tana da shi, kuma an sha samun wanda ya ƙwace ya kasa gane yadda ake buɗewa. Browning Hi-Power irin ta asali in aka cire magazin bata tashi ko da harsashi a ɗaki, amma wasu an cire musu wannan tsarin, don haka ka tambayi mai kula da makamai ya gwada maka taka. Maganar yaushe doka ta baka damar harbi kuma, ka koma ka karanta Force Order 237, umarnin rundunar 'yan sanda kan amfani da ƙarfi da bindiga, da aka sabunta a 2019, kar ka dogara da hirar bariki. Mutumin da ya saki ya juya yana gudu hannu wayam hukuncinsa daban da wanda hannunsa ke kan bindigarka.

Inda aka fi yin sakaci a ganina shine wajen wanda aka riga aka kama, don an ɗauka magana ta ƙare. Ranar 11 ga Maris 2005 a kotun Fulton da ke Atlanta, wata jami'a ita kaɗai ta raka wani fursuna mai suna Brian Nichols, ta cire masa ankwa don ya canja kaya kafin a shiga kotu. Ya yi mata mugun duka, ya samu bindigarta, ya shiga ya kashe alƙali da mai rubuta bayanan kotu, ya kashe wani jami'in a waje, daga baya ya kashe wani jami'in tarayya, mutum 4 kenan. Don haka sa ankwa da cire ta, caje, shigar da mutum mota, kai shi asibiti ko banɗaki, waɗannan lokutan ne jikinka ke haɗuwa da nashi dole. Ku kasance biyu, ankwa ta baya, ka riƙe shi da hannun da ba na bindiga ba, a mota kar ya zauna ta ɓangarenta, sel kuwa ba a shiga da bindiga sam, ka miƙa ta a kantar caji ofis kafin ka wuce.

Duk wannan da na rubuta karatu ne kawai in baka sa shi a jiki ba. Ka samu abokin aiki ɗaya mai hankali, ku sa kafinta ya sassaƙa muku fistol na katako daidai girman taku ku shafa mata fenti mai haske, ko ku nemi ta roba da ake yi don horo, kar ku yi kokawa da ta gaske ko da kun rantse babu harsashi. Minti 10 sau biyu a sati ya isa, ku fara a hankali, gaba, baya, gefe, a zaune cikin mota, jingine da bango, a ƙasa, daga baya ya riƙa kawo maka farmaki ba tare da sanarwa ba kuna cikin hira. Sannan sabuwar holsta mai makulli sai ka yi ta zarowa da bindiga marar harsashi, ɗaruruwan lokuta, har yatsanka ya san hanya cikin duhu, don na ga waɗanda suka sayi mai kyau suka ga tana basu wahala sai suka riƙa barin murfin a buɗe, ka ga an koma gidan jiya.

In kuma Allah ya kiyaye ta ɓace ko an gudu da ita, kar ka ɓata awa ɗaya kana nema a ɓoye don tsoron hukunci, ka sanar da DPO nan take a aika sigina, wato saƙon sanarwa, da lambar bindigar da adadin harsashin da ke ciki. Hukunci kam akwai, za a yi bincike kuma ba daɗi, amma wanda ya ɓoye har aka yi fashi da ita nashi ya fi muni nesa ba kusa ba. Lambar nan ka haddace ta yau, ka rubuta a littafin aljihunka. Sannan ka turo min samfurin bindigar da aka baka da hoton holstar da kake amfani da ita yanzu, gaba da baya da inda ta haɗu da bel, zan faɗa maka ko ta gyaru ko sai an canja. Ka gaishe min da mutanen gida.